Kwamfuta ba ta san ƙasar Hawandawaki ba: abin da lissafin injiniyoyi zai iya yi wa gine-ginen da damana ke rushewa

Damanar 2024 ta bar tambayar da har yanzu ba a amsa ba: me ya sa gini ke faɗuwa, kuma wa zai iya sanin haka kafin ya faɗi? Akwai wani reshen lissafi da ɗaliban aikin injiniya ke koyo a Maraɗi da Yamai wanda aka ƙirƙira domin irin wannan tambaya. Sai dai koyonsa ya wuce iya latsa kwamfuta.

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, magidanci a Hawandawaki, kudancin gundumar Tasawa, yakan zagaya gidansa yana duban abu uku: gindin bango, indararo, da tsagar da ta fito a kusurwar ƙofa tun bara. Haka ake yi a Korgom, a Mayahi, da unguwannin Maraɗi. Idan da hali a yi yaɓe, idan babu a yi addu'a.

A 2024 yaɓen bai wadatar ba. Alƙaluman da hukumomi suka bayar sun nuna mutum 396 suka rasu sakamakon ruwan sama da ambaliya a faɗin Nijar, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa. Jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma da yawa daga cikin mamatan ba ruwa ne ya tafi da su ba, gini ne ya faɗa musu. A watan Agusta ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai. An ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Shekara guda kafin nan, ranar 11 ga Agustan 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masu sallar La'asar, mutum aƙalla bakwai suka rasu; masarautar ta bayyana cewa an ga tsaga a ginin kwana ɗaya kafin faruwar abin.

Tsaga ita ce harshen da gini ke magana da shi. Matsalar ita ce samun wanda zai fassara ta: wannan tsagar ta yaɓe ce kawai, ko kuwa alama ce cewa nauyi ya fi ƙarfin bangon?

Mene ne wannan lissafi?

A makarantun da ke koyarwa da Faransanci sunansa méthode des éléments finis. Da Hausa ana iya kiransa lissafin gunduwa-gunduwa, domin abin da yake yi ke nan.

Manomin da ke son sanin faɗin gona mai karkatacciyar iyaka ba ya auna ta gaba ɗaya. Yakan raba ta da igiya zuwa ƙananan filaye masu sauƙin awo, ya auna kowane, sannan ya tara. Injiniya ma haka yake yi wa bango, ko gada, ko tankin ruwa. Babu wata ƙa'ida guda da za ta faɗi yadda nauyi ke ratsa bango mai ƙofa biyu da taga da baka a samansa. Amma idan aka yanka hoton bangon zuwa dubban ƙananan gunduwoyi masu kusurwa uku ko huɗu, kamar an shimfiɗa masa raga, halin kowace gunduwa mai sauƙi ne. Tun 1678 Baturen Ingila Robert Hooke ya bayyana ƙa'idar: muddin ba a wuce iyakar ƙarfin abu ba, yana miƙewa ko ya matse daidai gwargwadon ƙarfin da aka sa masa. A ninka nauyi, lanƙwasa ta ninku.

Gunduwoyin suna haɗuwa a kusurwoyinsu, kamar ƙullin raga. A kowane ƙulli akwai sharaɗi biyu: gunduwoyin da suka haɗu a wurin dole su motsa tare, kuma ƙarfin da ke turawa ya yi daidai da wanda ke tarewa. A bangon da aka zana a shafi, kowane ƙulli na iya motsawa gefe ko sama da ƙasa, wato abu biyu ne ba a sani ba. Ƙulli 10,000 na nufin lissafi 20,000 masu sarƙe da juna. Mutum da alƙalami ba zai gama ba, amma ƙaramar kwamfutar ɗalibi takan warware su cikin daƙiƙoƙi. Daga nan sai ta fito da hoton ginin da launuka: shuɗi inda babu damuwa, ja inda matsi ya taru.

Galibi jan yakan fito a kusurwar ƙofa da taga, daidai inda magini ya san tsaga ke farawa. Lissafi ya daɗe da nuna cewa ƙaramin rami mai zagaye a faffaɗan farantin ƙarfe da ake ja yana ninka matsi sau uku a bakinsa. Kusurwa mai kaifi ta fi haka muni.

Dabarar ba ta tsufa sosai ba. Masanin lissafi Richard Courant ya kawo tushenta a 1943. A 1956 wasu injiniyoyi huɗu a Amurka, Turner, Clough, Martin da Topp, suka wallafa yadda za a yi amfani da ita wajen lissafin fukafukan jiragen sama, aikin da aka fara a kamfanin Boeing. Ray Clough ne ya raɗa mata suna a 1960, kuma ɗaya daga cikin ayyukan farko da ya gwada ta a kai shi ne madatsar ruwa ta Norfork da ta tsage, domin a san ko tsagar na da haɗari. A Sin, Feng Kang ya isa ga dabarar ta hanyarsa a shekarun 1960, shi ma a kan lissafin madatsun ruwa. Littafin Olgierd Zienkiewicz na 1967 ya shigar da ita azuzuwan jami'o'i. Yau da wuya a sami babbar gada, mota ko jirgi da ba a bi ta wannan lissafi ba kafin a ƙera.

Tan biyar a saman mai barci

Domin a ga amfanin lissafi ba sai an je Boeing ba. A ɗauki ɗakin soro mai mita 4 a kowane gefe, da ƙasar rufi mai kaurin santimita 20. Idan mita ɗaya ta kowace fuska ta busasshiyar ƙasa ta kai kilo 1,700, to kowace murabba'in mita ta rufin tana ɗauke da kilo 340, ɗakin gaba ɗaya kuma kilo 5,440. Tan biyar da ɗoriya ke nan a saman mai barci, tun kafin ruwa ya jiƙa ƙasar. Kowace shekara kuma ana ƙara sabon yaɓe a kan tsoho, nauyi na hawa ba tare da an ƙara azara ko ɗaya ba.

Lissafin sandar da aka gitta yana da tsauri. Idan aka ninka tazarar da azara ke ƙetarewa, da irin wannan lodi a kowace mita, ƙarfin da ke neman karya ta yakan ninku sau huɗu, lanƙwasarta kuma sau 16. Idan kuma aka ninka kaurinta daga sama zuwa ƙasa, taurinta yakan ninku sau takwas. Maginan ƙasar Hausa ba su rubuta waɗannan alƙaluma ba, amma sun san sakamakonsu. Shi ya sa ba sa barin azara ta ƙetare doguwar tazara ita kaɗai. Sukan fito da wasu daga bango mataki-mataki, ko su ɗaure bakan gizo, su ɗora tulluwa a kai. Da wannan ilimi Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Zariya a shekarun 1830. Da shi Falke Barmu ya gina masallacin Yama a jahar Tawa, wanda ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Hasumiyar Agadas mai mita 27 tana tsaye da ƙasa da itace.

Abin da ya sauya shi ne sharuɗɗan da aka gina wannan ilimi a kansu. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, ana maye gurbinta da itacen da gara ke ci. Ana shafe bangon ƙasa da siminti, wanda ke riƙe damshi a ciki har ƙasar ta ruɓe ba a gani ba. Ana ɗora dakalin kankare, wato beto, a kan bangon da aka yi domin ɗaukar kwano. Ruwan da a da yake sauka cikin kwanaki yanzu yakan zuba cikin sa'o'i kaɗan. Gadon kakanni bai tanadi amsar waɗannan ba, domin ba su gamu da su ba. A nan ne lissafi ke da wurin shiga: yana ba da damar a gwada gini a cikin kwamfuta, a jiƙa gindinsa, a ƙara masa lodi, a ga inda zai fara sakewa, ba tare da an rasa rai ba.

Inda kwamfuta ke yaudara

Amma akwai sharaɗi, kuma shi ne zuciyar maganar. Kwamfuta ba ta taɓa ƙasa da hannu ba. Abin da aka gaya mata kawai take juyawa. Kafin ta fara, dole a ba ta taurin kayan ginin, iyakar matsin da zai ɗauka, nauyin da ke kansa, da yadda ya zauna a kan tushe. Na ƙarfe waɗannan alƙaluma suna cikin littafi, kuma ba su cika bambanta tsakanin ƙasa da ƙasa ba. Na kankare ma an san su: wanda aka kwaɓa bisa ƙa'ida yakan ɗauki kimanin kilo 250 a kowace murabba'in santimita bayan kwana 28. Busasshen birgin ƙasa galibi bai wuce kilo 10 zuwa 20 ba, idan ya sha ruwa kuma ƙarfin yakan zube ƙwarai.

Wannan "galibi" shi ne ramin. Ƙasar kududdufin Hawandawaki ba ita ce ta fadamar gulbin Maraɗi ba, ba kuma ita ce ta gulbin Kaba da ke ratsa Mayahi ba. Yawan yashi, yawan yumɓu, ciyawar da aka zuba, kwanakin da aka bar kwaɓin ya tsumu, duk suna sauya lambar. Ɗalibin da ya ɗauko alƙaluman ƙasar Faransa ko Maroko daga intanet ya zuba a kwamfuta zai sami hoto mai kyan launi, amma na wani bango ne, ba na garinsu ba. Haka ma kankaren: takarda na iya cewa kilo 350 na siminti a kowace mita ta kowace fuska, alhali a wurin aiki an rage buhu, an ƙara ruwa, an yi amfani da yashi mai datti.

Ko inda ake da kuɗi da ƙwararru, dogaro da hoton kwamfuta ya taɓa jawo asara. Ranar 23 ga Agustan 1991, gindin kankare na dandalin haƙar gas na Sleipner A ya nutse a gaɓar Norwe, kusa da Stavanger, ana tsaka da gwada shi. Bincike ya gano cewa yadda aka yanka gunduwoyin a wata mahaɗar bango ya sa lissafin ya raina matsin wurin da kashi 47 cikin 100, aka yi bangon bai kai ƙarfin da ake buƙata ba. Ba a rasa rai ba, amma an ƙiyasta asarar da dalar Amurka miliyan 700. Manhajar da aka yi aikin da ita sananniya ce, ba ta lalace ba. Abin da aka rasa shi ne mutumin da zai ɗauki takarda da alƙalami ya ce wannan lambar ba ta yi kama da gaskiya ba.

Yadda ya kamata a koye shi

Nijar ba ta rasa wuraren koyo ba. A Maraɗi akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, da cibiyar IUT da aka buɗe a 2008, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, inda ake koyar da aikin gine-gine da hanyoyi. A Yamai akwai EMIG. Masu hali sukan tafi 2iE a Wagadugu, ko su tsallaka iyaka zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero a Kano.

Haɗarin da ke gaban ɗalibi shi ne ya fara daga ƙarshe. Kasuwar aiki tana tambayar wanda ya iya Robot ko wata manhaja mai suna, bidiyoyin YouTube kuma suna nuna inda za a latsa. Cikin mako biyu yaro zai iya fitar da zanen bene mai hawa uku da jerin rodin da za a saya, bai san dalilin ko lamba ɗaya a ciki ba. Wannan ba injiniya ba ne, direba ne da bai taɓa buɗe injin mota ba.

Tsarin da ke haifar da gwani a bayyane yake, ko da yake yana cin lokaci. Da fari ilimin daidaiton ƙarfi da juriyar kayan gini, abin da ɗalibai ke kira RDM, har mutum ya iya lissafin gittacciyar sanda a bayan ambulan. Sai lissafin jadawalin lambobi, domin da shi dabarar ke tafiya. Sai ɗalibi ya warware ƙaramin tsani mai sanduna uku da hannunsa, ya harhaɗa jadawalin da kansa, sannan ya rubuta ɗan gajeren shiri a kwamfuta da zai maimaita aikin. Bayan haka ne manyan manhajoji ke da amfani, kuma da ladabi uku: a gwada amsar da lissafin hannu, a ƙara yawan gunduwoyi a ga ko amsar ta tsaya ko tana yawo, a kuma tabbatar cewa nauyin da ya sauka a tushe ya yi daidai da wanda aka ɗora a sama.

Kuɗin manhaja ba hujja ba ce. Kamfanin wutar lantarki na Faransa, EDF, ya saki Code_Aster kyauta tun 2001, kuma bayanansa da Faransanci suke. Akwai Cast3M, da FreeFEM, da CalculiX, waɗanda ɗalibi zai iya samu ba tare da ya nemi kwafin sata ba. Abin da ba a saukewa daga intanet shi ne injin matse birgi har ya fashe, da ma'auni, da tanda ta busar da samfur. Ɗakin gwajin ƙasa na ayyukan hanyoyi da gine-gine yana Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. Da kowane ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu zai ɗebo birgi daga garinsu, ya matse shi busasshe, ya matse shi jiƙaƙƙe, a tara sakamakon wuri guda, cikin ƴan shekaru da jahar ta mallaki abin da babu wata jami'ar Turai da za ta ba ta: jadawalin ƙarfin ƙasarta, kwamin bayan kwamin.

Shin talaka zai amfana?

Mai ƙorafi zai ce duk wannan maganar ƴan boko ce. Mutumin Hawandawaki da ɗakinsa ya faɗi ba rashin kwamfuta ne ya kayar da shi ba. Talauci ne, da gini a kan hanyar ruwa, da rashin magudanai. Ba zai taɓa biyan injiniya ba. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai kunna manhaja domin ɗaki ɗaya. Tudun tushe da ya ɗaga bango daga ƙasa, da indararo mai tsawo, da gyaran magudana kafin ruwan farko, sun fi kowane lissafi ceton rai.

Amfanin dabarar yana wurin abubuwan da ake maimaitawa. Bayan gobarar da ta kashe yara aƙalla 25 a azuzuwan zana a Maraɗi ranar 8 ga Nuwamban 2021, hukumomi sun yi maganar azuzuwa kusan 36,000 irin waɗannan da ke buƙatar a maye su da gini. Aji ɗaya da aka lissafa da kyau, da birgin ƙasar yankin, zane ne da za a gina sau dubbai. Kuskure a cikinsa zai ninku sau dubbai, haka ma buhun siminti goma da aka rage ba tare da an taɓa ƙarfin ginin ba. Haka lamarin yake ga kwalbati, da ƙananan gadojin hanyoyin karkara, da ƙafafun tankunan ruwa, da rumbunan ajiyar cimaka. Akwai kuma misalan da suka riga suka nuna cewa ƙasa ba kayan matalauta ba ce kawai: ginin baka da tulluwa ba tare da itace ba, wanda aka koyar da magina a Nijar tun shekarun 1980, da masallaci da ɗakin karatun Dandaji da Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka zana da matsattsen birgin ƙasa, aka kammala a 2018.

Fuska ta biyu ta shafi manyan ayyuka. Madatsar Kandaji, bututun man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar Benin, gadar Seyni Kountché ta Yamai, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, duk kamfanonin waje ne aka ba aikin gininsu. Kowane irin wannan aiki yana zuwa da kundin lissafi mai ɗaruruwan shafuka, akasarinsu abin da kwamfuta ta fitar. Dole wani ma'aikacin gwamnati ya sa hannu a kai. Idan ya iya karanta shi, zai tambayi wace ƙasa aka ɗauka a tushe, wane irin ruwa aka lissafa, na shekarun baya ko irin na 2024. Idan bai iya ba, sa hannunsa hatimi ne kawai. A lokacin da ake yawan maganar cin gashin kai, wannan ma wani ɓangare ne nasa, ko da yake ba a yi masa gangami.

Sauran magana ita ce ta harshe. Sakamakon lissafin ba zai yi aiki ba sai ya isa hannun mai riƙe da cebur. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Takarda mai shafi biyu da zane, wadda ke faɗa wa magini kaurin bango gwargwadon tsawonsa, tazarar da azara ko rodi zai ƙetare, da nisan taga daga kusurwa, za ta fi kundi goma da ke kwance a ɗakin karatu. Kuma kafin a rubuta ta, ya kamata ɗalibin ya zauna gaban sarkin magina ya saurara, domin tsohon ya ga bangayen da suka faɗi fiye da yadda kwamfuta ta gani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin birgi aikin rani ne, lissafin kwalbati ma haka. Wata damanar mai ƙarfi za ta sake zuwa, magidanci zai sake tsayawa gaban tsagar kusurwar ƙofarsa. Abin da ke hannun jami'o'i da ma'aikatu shi ne, a wannan karon, a sami wanda ya auna ƙasar da aka yi bangon da ita.